Na Shiga Faransa Ba Duwan Ba Jandarma

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni, don na san 'yata ta gama baza labarin a waya. Ni Ɗanlami, da furfurata da komai, na ɗaure kaya a birnin New York, na yi sallama da maƙwabta zan tafi Faransa, na je na dawo a wuni guda, ashe ko garin ban fita ba. Tun da na dawo Kano 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon tela suke damuna da "Alhaji, yaya Amurka?" In na fara, sai wani ya iso a ce in koma farko. Na gaji da komawa farko. Ga shi nan na rubuta da bokona na ɗan aji uku, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Abin da ban faɗa a majalisa ba shi ne, da aike na tafi. Autata Hadiza tana can tana aikin kula da tsofaffi a wani asibiti, tana auren Mahaman Sani, mutumin Damagaram, suna da yara biyu. Wata rana wani mai neman lada ya kai wa yayana Alhaji Inuwa hoton Mahaman Sani a waya, sanye da baƙin kwat, yana tsaye, bayansa ga ƙaton gicciye da taga mai gilashi kala-kala. Yaya shi ya ba da auren Auta, kuma a gidanmu ba a mayar masa da magana. Ya kira ni ya ce, "Ɗanlami, 'yarka a gidan mai gadin coci take. Yau gadi, gobe shara, jibi ka ji an sake wa jikokinka suna. Tunda sun aiko maka da takardar zuwa, je ka gani da idonka. In haka ne, ko ya bar aikin, ko ka taho mana da ita da yaran."

Na ce to. Amma na kwana ina juyi, don yarinyar nan tana son mijinta, ni ma kuma ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

Jirgi dai jirgi ne, na Makka ma na hau, sai dai wannan ba ya ƙarewa. An ba mu abinci, mun yi barci, an sake ba mu, mun sake barci, na leƙa taga rana tana nan inda na bar ta. Da muka sauka sai ga wani da keken guragu yana kiran sunana. Ashe Auta ce ta rubuta cewa ubanta ba ya iya doguwar tafiya. Ni da nake zuwa kasuwar Kurmi a ƙasa! Na yi niyyar musu, sai na hango tsawon layin, nan take gwiwata ta fara ciwo. Mai turawar, Awudu, ɗan zangon Kumasi ne, yana jin Hausa irin tasu wadda ba ta san mace ba.

Ya ce, "Baaba, yarinyanka ya na waje ya na jiran ka."

Na ce, "Ɗana, mace na haifa, sai in a nan ne suka sake ta."

Muna cikin dariya wani ɗan kare mai faɗin kunne ya zo ya zauna gaban jakata kamar mai jiran sadaka. Awudu ya ce, "Akwai nama?" Na ce babu. Aka buɗe, ga kilishin da matata Hajiya ta naɗe cikin tsohon zani don Auta. Na ce ai kilishi ba nama ba ne, tsaraba ce. Awudu ya fassara musu wani abu da na tabbata ba abin da na faɗa ba ne, matar da ke binciken kayan ta yi murmushi, ta jefa kilishin a kwando, ta bar min kuka da kuɓewa. Allah ya saka wa yaron nan. Karen kuwa ban yafe masa ba.

Su Auta suna zaune a wani tsibiri da ake kira Staten Island, unguwar Park Hill, a wani dogon bene da mutanen Laberiya da Gana da namu suka cika. Ɗaki biyu da falo, banɗaki ɗaya. A nan wahalar ta fara, don ku kun san tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, kuma kunya tana son fili. A gida suruki zai zo ya durƙusa a zaure ya gaishe ka ya tafi, ba ka ga yana tauna ba, bai ga kana hamma ba. A Park Hill kuwa in na yi atishawa a ɗaki, sai in ji "Yarhamukallah" a hankali daga kicin. Mutumin nan a tsaye yake cin abincinsa bayan firij don kada in gani. In na fito da buta, shi ya fito da buroshi, sai kowa ya juya kamar ya manta wani abu, banɗakin ya zauna ba kowa, mu biyu muna matse.

Ga wata rikita kuma. Ni Bakano ne, shi Badamagare, ka ga abokan wasa ke nan tun kakanni. Na yi shekaru ina ɗauko dabino daga Damagaram, ban taɓa ganin Badamagare na ƙyale shi ba. To ga ɗaya an ajiye min kullum a gabana. Bakina ya kasa haƙuri. In ya gaishe ni sai in ce, "Bawana, an tashi?" Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Lafiya lau, Baba, kun tashi lafiya?" Wasan da ba a ramawa ba daɗi, kamar dambe da katifa. Mutumin da ba zai iya rama min wasa ba, ta yaya zan dube shi in ce, a coci kake aiki?

Abinci ba laifi. Auta tana tuƙa tuwo da wani farin gari na kwali, in ka rufe ido ka ce na shinkafa ne. Jikata Amira ta ba ni wata gurasa mai faɗi da aka zuba wa cuku da tumatir, in ka ja ta bi ka har haɓa. Ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci, kowa ya gamsu.

Da na rasa hanya sai na bi ta bayan gida. Ƙofar da ke kallon tasu ta wata nas ce, Rifkatu, mutuniyar Zonkwa, ita ke riƙe musu yara in aiki ya haɗe. Na tare ta ranar Lahadi ta dawo daga coci da Littafinta a hannu, na ce, "'Yata, cocin naku shi ne wanda surukina yake wa gadi?"

Ta kalle ni, ta kwashe da dariya har ta dafa bango. "Baba, wa ya gaya maka? Ni da nake Kirista, in na je wurin nan sai na tsaya layin tikiti kamar kowa. Ba fasto, ba wa'azi, ko baikon da muke bayarwa a coci ba a karɓa."

"To gicciyen fa?"

"Yana nan, ba zan ɓoye maka ba. Ka sa ya kai ka mana. Kana da ƙafa, ko har yanzu keken ne?"

Ashe labarin keken ma ya zaga benen.

Da yamma na ce wa Auta na gaji da zama, ina so in ga wajen aikin maigidanta. Ta dube ni irin duban da uwarta take min. Ta ce, "To Baba, ka shirya, ranar hutunsa zai kai ka. Amma ka sani Faransa za ka shiga. Duk dutsen da ke wurin na Faransa ne."

Yanzu ku tsaya in kare kaina. Mu da muka yi fatauci, in ka wuce Daura ka tsallaka iyaka, cewa muke mun shiga Faransa, su ma in za su zo Kano cewa suke za su Ingila. Tun ina saurayi na san duk inda ƙasar Ingilishi take, Faransa tana maƙale a gefenta, tafiyar wuni. To Amurka Turancin Ingilishi suke yi. Me zai hana su ma tasu Faransar tana nan bayan gari? Lissafina bai da aibu, duniyar ce ba ta bi shi ba.

Na cika jakar Ghana-must-go da riguna uku, bargo, buta da garin kunu. Na sa fasfo a aljihun ciki na maƙale da fil. Auta tana tsaye tana kallo. Maimakon ta ce Baba ina za ka da bargo, sai ta ce, "Ka ƙara da safa, an ce can da sanyi." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ƙwanƙwasa wa Rifkatu na ce a yafe ni, ta ce Allah ya kiyaye hanya, muryarta tana rawa, na ɗauka tausayi ne. Mahaman Sani ya fito ya ga jakar, ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe. Suruki ba ya ce wa uban matarsa ya yi wauta. Ya sunkuya ya saɓa ta a kafaɗa.

Muka hau bas zuwa bakin ruwa, muka shiga wani jirgin ruwa ruwan goro mai hawa-hawa, ya fi kasuwar unguwarmu jama'a, kuma ba wanda ya tambaye mu ko sisi. Wannan ya ɗan dame ni, don ban taɓa tsallaka iyaka kyauta ba, sai duwan, wato kwastan na Faransa, da jandarma sun tare ni. Muna tsakiyar ruwa sai ga wata ƙatuwar mace koriya a tsaye kan tsibiri, ta ɗaga tocila. Na ce wace ce wannan? Ya ce, "Mutanen Faransa ne suka kawo ta, Baba." Na ce a raina, alhamdu lillahi, ga alamar iyaka. Na fara bitar Faransancina na hanyar Damagaram: bonjur, sa ba, mushe, pardon.

Muka sauka, muka nutse ƙarƙashin ƙasa, muka hau jirgin da ke tafiya cikin rami kamar gafiya. Wani saurayi ya shigo ya yi ta juyi a jikin ƙarfe da kansa a ƙasa, ba wanda ya ko ɗaga ido. Mahaman Sani yana tsaye da jakata tsakanin ƙafafunsa, zufa tana bin wuyansa. Da muka fito a can ƙarshen arewacin gari, muka bi ta cikin wani lambu kan tudu, sai ga gini na dutse da doguwar hasumiya mai kusurwa huɗu, ƙananan tagogi, ba fenti ko kaɗan. A bakin ƙofa wata mata tana zaune bayan kanta. Na gyara hula, na ɓalle fil, na ajiye mata fasfo, na ce, "Bonjur madam."

Ta dubi fasfon, ta dubi Mahaman Sani, da alama ta san shi. Shi kuwa ƙasa yake kallo kamar ya ga allura. Da ƙyar ya ce, "Baba, ku mayar da shi aljihu. Ba mu fita New York ba. Gidan tarihi ne. Ginin ne aka ɗauko daga Faransa."

Na ce, "Aka ɗauko? A me?"

"A jirgin ruwa, Baba. Dutse-dutse."

Na karɓi fasfona da mutuncin da ya rage, na ce dama gwada ta nake. Ya kai jakar ɗakin ma'aikata, ban sake tambayar bargo ba.

Da muka shiga, mutumin da ba ya iya haɗa kalma biyar a gabana sai bakinsa ya buɗe. Ya ce a Faransa ta da, akwai malaman Kirista da suke barin aure da dukiya su killace kansu a gida ɗaya bayan gari, kamar masu halwa, sai dai tasu halwar har mutuwa. Su yi noma, su kwafi littattafai da hannu, su tashi addu'a tun duhu. Daga baya talakawan ƙasar suka yi wa sarkinsu bore, aka ƙwace gidajen aka sayar, manoma suka riƙa kwasar duwatsun suna gyara garka da turke. Sai wani Ba'amurke mai sassaƙa ya bi ƙauyuka yana saye, wani attajiri ya tattara, aka sa wa kowane dutse lamba, aka kawo nan aka sake ɗora su.

Wuri na farko da ya kai ni tsakar gida ce sak. Fili mai kusurwa huɗu, ganyaye da furanni, ruwa a kwano na dutse a tsakiya, an zagaye shi da rumfa kan ginshiƙai masu ruwan hoda. Ya ce sun haura shekara ɗari takwas. Saman kowane ginshiƙi an sassaƙa abu: zakuna suna cin juna, birai sun tsuguna, wasu fuskoki da in ka gan su a mafarki sai ka nemi rubutu. Na ce masu halwa da birai? Ya ce shi ma ya tambaya, masana ba su daidaita ba. Ya nuna min yadda bakin ƙofofin da suka fi tsufa yake a zagaye kamar rabin faifai, bango da kauri, ɗaki da duhu. Na baya kuma bakinsu ya yi tsini sama, don sun gano in aka yi haka bango zai iya sirancewa a buɗe manyan tagogi. Gilashin nan kala-kala na hoton Yaya, ga shi nan, rana ta bugo shi ta zuba ja da shuɗi a kan farar rigata.

Akwai wani ɗaki da na shiga na ji kamar in yi sallama. Dakali na dutse ya zagaye bango, rufin kuwa ɗaurin guga ne, bakan gizo ya tsallaka bakan gizo, irin na soron kakanmu da aka rushe, sai dai nasu dutse namu ƙasa da azara. Nan malaman suke zama kowace safiya, babbansu ya yi musu faɗa, wanda ya yi laifi ya tashi ya faɗa da bakinsa. Na ce Allah ya so ni ba a nan aka haife ni ba, da kullum ni ne a tsaye. Ya nuna min zoben ƙarfe a jikin ginshiƙi, ya ce bayan an kori masu shi dabbobi aka riƙa ɗaurewa a ciki.

Sai ya ce, "Bon, yanzu mu je ku ga kayan shato." Ni a Damagaram na san shato, tankin ruwan gari ne mai dogayen ƙafafu. Na shirya ganin famfo. Ashe a can asali shato gidan sarauta ne na yaƙi: katanga mai kaurin da mota za ta bi ta kai, gwalalo cike da ruwa a zagaye, gada da ake janyewa da sarƙa, tagogi sirara daidai fitar kibiya. Daga irin wannan gidan aka kawo wasu manyan saƙe-saƙe da suka rufe bango, hoton mafarauta suna bin wani farin doki mai ƙaho ɗaya. Ya ce an ce lokacin boren, manoma da su suke lulluɓe dankali kada sanyi ya kashe shi. Akwai kuma wani barde na dutse kwance da takobinsa, zaki a ƙafarsa, wai shi ma an daɗe an kife shi ana taka bayansa a tsallaka rafi.

Duk wannan zagayen idona yana kan aiken Yaya. Gicciye akwai, ba ɗaya ba. Amma ban ga mai durƙuso ba. Na ga 'yan makaranta da malamarsu, na ga tsoho yana gyangyaɗi a benci, na ga masu ɗaukar kansu hoto suna turo baki. Aikin surukina shi ne ya tsaya wuni guda ya ce kada a taɓa.

Na zauna a dakalin nan in huta, bakina ya motsa. Na ce, "Ku Damagarawa dai ba ku rabuwa da bauta. Faransa ta bar ƙasarku, kai ka biyo ta har nan kana yi mata gadin duwatsu."

Na zaci sunkuyon da aka saba. Sai na ji a hankali, yana kallon rufi: "Gara mu, Baba. Da Kanawa aka ba gadin, da tuni an yanka shi shaguna, an sa haya."

Dariyar da na yi ta bugi ɗaurin gugan nan ta dawo. Wata abokiyar aikinsa ta leƙo ta ɗora yatsa a baki, ta ga shi ne, ta yi mamaki ta koma. Ni kuwa har hawaye. Tun da aka ɗaura auren nan sai ranar na ji na sami suruki.

Azahar ta yi. Ya shiga ɗakin ma'aikata, ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya ɗauko darduma wadda wurin goshinta ya riga ya koɗe. Butata ta Faransa ta yi amfani a ƙarshe. Muka fita lambu ƙarƙashin wata bishiya, kogi yana can ƙasa, ya shimfiɗa min dardumar, shi ya tsaya kan ciyawa, na ja mu salla.

Na gode wa Allah da tafiyar nan, na gode wa Auta duk da safarta, da Rifkatu da ta yi min dambun kifi na hanya tana ce min Alhajin Faransa. Da na dawo na je na sami Yaya na ce gidan tarihi ne, ba a ibada a ciki, yaron yana sallarsa, 'yarmu tana cikin rufin asiri. Ya ce, "Ka gani da idonka?" Na ce har fasfo na nuna. Bai gane ba, ya ce to shi ke nan, Allah ya yi musu albarka. Magana ta mutu.

Abu ɗaya ne ban kai wa Yaya ba. A hanyarmu ta komawa ranar, cikin jirgin ruwa, la'asar sakaliya, muna tsaye a bakin ƙarfe, jakar tana tsakaninmu. Ban taɓa gaya wa Mahaman Sani abin da ya kawo ni ba, ashe ya sani tun kafin in sauka. Tambayar da ya yi min a nan, na yi kamar ƙarar inji ta hana ni ji, na shiga nuna masa wani tsuntsu, shi ma bai maimaita ba har na baro ƙasar. Lokacin da ya yi ta, ba ya kallona, ruwa yake kallo, ya ce:

"Baba, na gode da kuka zo kuka gani. Amma da kun tarar cocin ne, ina share shi don in ciyar da ita da yaran, da kun tafi da ita?"